Riƙon Asibiti Sana'a Ce, Sai An Koya

Daga Wakilinmu

Babu wata ma'aikata ta gwamnati da jama'a suke kuka da ita kamar asibiti, babu kuma inda kukan yake sauka a kan wanda bai kamata ba kamar can. Idan majinyaci ya yini a layi bai ga likita ba, malamin da ke ba da kati shi ne zai sha zagi. Idan aka rubuta magani aka je ɗakin magani aka tarar babu, sai a ce ma'aikata sun kwashe sun kai kantunansu. Idan aka ɗaga ranar tiyata har sau uku, a ce likita ne ba shi da tausayi. Wani lokaci zargin gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin wanda ya tsara, ko kuwa ya kasa tsara, yadda kati da magani da wutar lantarki da ma'aikata za su haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, yana can cikin ofis, majinyaci bai taɓa ganin fuskarsa ba. Shi kuma wannan bawan Allah, in aka bi diddigi, galibi ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa aikin da aka ɗora masa.

Maganar da nake so mu duba ke nan. Riƙon asibiti ilimi ne mai zaman kansa. Ba a gadonsa, ba ya kuma sauko wa mutum don kawai ya yi furfura a bakin aiki. Hanyar da ta fi kusa a same shi a ƙasar nan ita ce a mai da waɗanda suka riga suke cikin aikin zuwa aji, wato likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magunguna da akantoci da ma'aikatan mulki, su yi karatun gaba da digirin farko a fannin gudanar da asibiti ba tare da sun ajiye aikinsu ba. Sa'an nan a mai da wannan karatu sharaɗin hawa kujerar shugabanci, maimakon ado da mutum yake ƙarawa a bayan sunansa.

Wanda bai taɓa leƙa bayan fage ba yana ɗaukar asibiti likita ne da allura da gado. Alhali kuwa babban asibiti gari ne guda wanda ba ya barci. Yana da ɗakin girki, da wurin wanki, da sito, da wurin ajiyar jini, da injinan wuta masu shan man dizal dare da rana, da rijiyoyin burtsatse, da motocin ɗaukar marasa lafiya, da ɗakin ajiye gawa. Yana da ƙungiyoyin ma'aikata iri-iri, kowace da nata ƙorafin, ga tsarin albashi iri biyu, na likitoci daban na sauran ma'aikatan lafiya daban. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 tana kansa. In na Gwamnatin Tarayya ne, tun 2015 kuɗin shigarsa yana bi ta asusun bai-ɗaya na baitulmali. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, aikin likita ya tsaya, kome ƙwarewarsa.

Abin da ya faru a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe tun 1957, ya isa misali. Cikin Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin lantarki na masu samun wuta mafi yawa fiye da ninki uku. Wajen ƙarshen Oktoba na shekarar kamfanin rarraba wuta ya yanke wutar asibitin saboda bashi, aka kuma yi fiye da kwana 100 ana cikin wannan hali, har ɗaliban likitanci suka fito zanga-zanga. Ban kawo wannan don in ɗora wa wani laifi ba, domin tushen matsalar ƙarancin kuɗi ne da ya shafi asibitocin ƙasa baki ɗaya. Na kawo shi ne don mai karatu ya lura da cewa a cikin asibitin da ya tara ƙwararrun likitoci irin waɗanda ƙasa take alfahari da su, abin da ya durƙusar da aiki ba cuta ba ce. Lissafi ne, da bashi, da ciniki da kamfani, da zaɓen abin da za a fara biya in kuɗi bai isa ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake koyarwa a ɗakin tiyata.

To, yaya ake samun mai riƙon asibiti a Nijeriya? Ga asibitocin koyarwa na tarayya, amsar tana cikin doka ta 10 ta 1985 wadda gwamnatin soja ta kafa. Ita ce ta ɗora Babban Daraktan Asibiti a kan kowa, ta kuma shimfiɗa sharuɗɗansa: lalle ya zama likita mai rajista na aƙalla shekara 12, ya kasance ya sami shaidar ƙwarewa a wani fanni na likitanci aƙalla shekara 5 kafin naɗinsa, sa'an nan ya zama yana da gogewa a harkar mulki. Dubi yadda dokar ta ƙidaya shekarun likitanci ɗai-ɗai, amma da ta zo kan mulki, wanda shi ne ainihin aikin kujerar, sai ta tsaya a kan gogewa, ba ta nemi karatu ko jarrabawa ba. Daraktan Mulki, wanda shi ne ya kamata ya san wannan fanni, yana ƙarƙashinsa. Jihohi ma suka bi wannan sawu a asibitocinsu. Sakamakon haka shi ne mutum yakan shafe shekara 6 a makarantar likitanci, ya ƙara wasu 5 ko 6 yana neman ƙwarewa, ya yi suna a fiɗa ko a karɓar haihuwa, ranar da ya kai ƙololuwar gwanintarsa sai a ɗauke shi daga wurin da ya fi kowa iyawa, a kai shi wurin da bai taɓa koya ba. Kwas ɗin 'yan kwanaki da ake yi wa likitoci masu neman ƙwarewa a kan sarrafa dukiyar asibiti yana da amfaninsa, amma ba ya mai da mutum gwani.

Tun daga wancan lokaci ake ta jan igiya. Sauran ma'aikatan lafiya suna cewa likitoci sun mamaye kujerar, kuma tun da suka karɓe ta asibiti yake baya. Likitoci suna cewa ba ta yiwuwa wanda bai san ciwo ba ya shugabanci wurin magani. Cikin 2013 Shugaba Jonathan ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed don ya duba wannan rashin jituwa. Cikin Afrilu da Mayun 2018 haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU ta yi yajin aiki na wajen mako shida, asibitocin tarayya suka zama kufai, waɗanda ba su da halin zuwa asibitin kuɗi suka koma gida da ciwonsu. Albashi ne kan gaba a wannan yaji, amma duk wanda ya saurari ɓangarorin biyu ya san gardamar shugabanci tana kwance a ƙarƙashinsa.

Ni a ganina, ɓangarorin biyu sun kama reshe sun bar tushe. Tambayar da ake yi ita ce wane ne zai hau kujera, alhali tambayar da ta shafi majinyaci ita ce me wanda ya hau ya sani. Mai harhaɗa magani da bai koyi kasafin kuɗi ba, in aka ba shi asibiti, ba zai fi likitan da bai koya ba. Akawun da ya yi shekara 25 yana juya fayil bai zama masanin gudanar da asibiti ba don kawai shi ba likita ba ne.

Ƙasashen da muke yawan misali da su ba su bi hanya ɗaya ba. A Amurka, Jami'ar Shikago ta buɗe karatun gaba da digiri a fannin mulkin asibiti tun 1934, kuma mafi yawan shugabannin asibitocin ƙasar ba likitoci ba ne. A Faransa daraktocin asibitocin gwamnati rukunin ma'aikata ne na musamman, sai an ci jarrabawar gasa, a je makarantar lafiyar jama'a da ke birnin Rennes a yi horo na shekara biyu. A Ingila, cikin 1983, gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗauko Roy Griffiths, wani babban manajan kantunan Sainsbury's, ya duba hukumar lafiya ta ƙasar. Ya ce babban ciwonta shi ne ba a san wanda ke da alhakin yanke magana ba, daga nan aka naɗa manajoji a kowane mataki. Ba kuwa lafiya lau abin ya tafi ba. A asibitin Stafford, tsakanin 2005 da 2009, shugabanni suka duƙufa wajen daidaita lissafi da rage ma'aikata har aka bar majinyata cikin wulaƙanci, rahoton binciken da Robert Francis ya gabatar cikin 2013 ya tona abin da ya girgiza ƙasar. Ashe manajan da ya iya lissafi amma bai san abin da ke faruwa a bakin gado ba shi ma haɗari ne.

Masu bincike ma sun taɓo batun ta fuska biyu. Cikin 2011 Amanda Goodall ta duba asibitocin Amurka mafi shahara, ta ga waɗanda likitoci ke shugabanta sun fi samun maki, ko da yake ita kanta ta ja kunne cewa wannan bai tabbatar da dalili ba. Cikin 2020 kuma wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da Raffaella Sadun ta Harvard, suka buga sakamakon nazarin asibitoci a ƙasashe 9. Abin da suka gano shi ne asibitocin da ke kusa da jami'o'in da suke koyar da likitanci da ilimin gudanarwa tare sun fi kyawun tsari, kuma masu ciwon zuciya sun fi tsira a cikinsu. In aka haɗa binciken biyu, ba su goyi bayan kowane ɓangare na masu gardamarmu ba. Abin da suka nuna shi ne a sami mutumin da ya san asibiti ta ciki, a ƙara masa ilimin riƙo. Dakta Muhammad Ali Pate, wanda aka naɗa Ministan Lafiya cikin 2023, hanyar da ya bi ke nan: likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya digiri na biyu a fannin gudanarwa a Jami'ar Duke ta Amurka.

Wani zai ce, me ya sa sai ma'aikaci? Me zai hana a koya wa matasa tun daga digirin farko, a huta? Dalili shi ne wannan ilimi ba ya zama a kan wanda bai taɓa ganin matsalar da idonsa ba. Bari in kawo misali da asusun jujjuya kuɗin magani, wanda ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako cikin 1987, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake riƙe da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. A takarda babu abin da ya fi shi sauƙi: a ba asibiti jari, ya sayi magani, ya sayar da 'yar riba, ya sake sayowa da kuɗin, haka har abada. Ɗalibi ɗan shekara 20 zai haddace wannan cikin minti biyar ya ci jarrabawa. Amma mai harhaɗa maganin da ya yi shekara goma a sito ya san ta inda jarin yake zurarewa. Wani babba ya aiko da takarda a ba wane magani kyauta, ba wanda ya biya. An kawo wanda ya yi haɗarin mota ba shi da kowa, dole a ba shi, doka ma ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai neman agajin gaggawa, amma ba a ware inda za a cike gurbin ba. Man injin wuta ya ƙare tsakar dare, an ranci kuɗin magani da niyyar mayarwa. An sayi wani magani da yawa don ɗan kwangila ya matsa, ya kwanta har lokacinsa ya wuce. Ga kuma mugun ɓarawo wanda ba ya fasa ƙofa, wato faɗuwar darajar kuɗi. A ce an sayi kwalin magani naira 10,000 aka sayar 11,000, aka koma kasuwa aka tarar ya zama 16,000, kamar yadda farashin magunguna ya yi ta tashi bayan an saki naira cikin Yunin 2023. A littafi an ci ribar 1,000; a kan kanta kuwa kusan sulusin maganin ya tafi. Sau uku aka yi haka, wajen sulusin maganin sito ne kawai zai rage, ba kuwa wanda ya saci ko kwabo.

Irin wannan ma'aikaci, ranar da malami ya nuna masa yadda ake sa farashi bisa kuɗin sake sayowa maimakon kuɗin da aka saya, da yadda ake ware asusun marasa galihu daban, da yadda ake lissafin lokacin da ya kamata a yi oda kafin kaya su ƙare, ba haddacewa zai yi ba. Zai ga amsar abin da ya daɗe yana hana shi barci, ya kuma gwada ta ran Litinin.

Haka batun gado. Kullum kukan manyan asibitocinmu shi ne babu gado, kullum kuma maganin da ake kawowa shi ne a gina sabon ɗaki. A ce asibiti yana da gado 200 kuma kullum a cike suke. A shekara yana da kwanan gado 73,000. In kowane majinyaci yana yin kwana 8, mutum 9,125 zai kwantar. In aka rage zuwa kwana 7, sun haura 10,400. Wato ƙarin mutum wajen 1,300 ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba. Ina kwana ɗayan zai fito? Daga wanda ya warke tun Jumma'a amma ba mai sa hannu a takardar sallama sai Litinin. Daga wanda yake kwance yana jiran sakamakon gwajin da ya fito tun jiya amma ba wanda ya ɗauko. Daga wanda aka sallama aka riƙe don ofishin biyan kuɗi ya tashi. Nas ɗin da ke kula da ɗakin ta san duk wannan sarai. Abin da ba ta da shi shi ne hanyar auna shi, ta rubuta shi da alƙaluma, ta kai gaban shugabanni yadda ba za a ce mata ƙorafi ne kawai ba.

Sa'an nan ga sabon nauyi da ya zo, wanda tsofaffin ma'aikata ba su tashi da shi ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma wani kaso nasa yana sauka kai tsaye a asusun ƙananan asibitoci. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Jihohi irin su Kano da Kaduna sun kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu. Ma'anar wannan ita ce kuɗin asibiti yana ƙara dogara ga takardun neman biya: wanda ya cika su daidai kuma a kan lokaci a biya shi, wanda ya yi sakaci ya yi aikin banza. Akwai biyan da ake yi bisa kowane kai da ya yi rajista duk wata, ko ya zo ko bai zo ba, akwai kuma wanda ake yi bisa aikin da aka yi. Shugaban da bai san bambancin su ba, bai kuma san nawa kwana ɗaya a gadonsa yake ci ba, zai iya cika asibitinsa da majinyata yana murna, alhali bashi yake tarawa.

Ba a ce babu inda ake wannan karatu a gida ba. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka tana da sashen mulki da gudanar da lafiya a reshenta na Inugu. Jami'o'in Benin da Maiduguri sun yaye ma'aikata da dama a digiri na biyu na tsarawa da gudanar da harkar lafiya. Jami'ar Bayero ta buɗe digiri na biyu a tattalin arzikin lafiya. Ga karatu daga nesa ta intanet, wanda ya sauƙaƙa wa wanda ba zai iya barin garinsu ba. Arewa ma ba baƙuwa ba ce ga al'adar mai da ma'aikaci aji: makarantar Kongo ta Zariya ta fara ne cikin 1947 a matsayin wurin horar da akawuna, ta zama cibiyar koyar da mulki, ta horar da ma'aji da alƙalai da ma'aikatan En'e waɗanda aka ɗauko daga bakin aiki aka mayar da su bakin aiki. Abin da aka yi wa baitulmalin En'e a wancan zamani ban ga abin da zai hana a yi wa asibiti ba.

Amma a nan ne ya kamata a faɗa wa juna gaskiya, musamman mu ma'aikatan gwamnati. Da yawa daga cikin masu shiga irin waɗannan kwasa-kwasai na ƙarshen mako ba ilimin suke bi ba, takardar suke bi, don a liƙa a fayil kafin zaman ƙarin girma. Wasu jami'o'in kuma sun gane haka, sun mai da abin hanyar samun kuɗin shiga: aji ya cika maƙil, malami ya karanto abin da ya rubuta shekara goma da suka wuce, misalansa duk daga asibitocin Turai inda wuta ba ta ɗaukewa. A ƙarshe ɗalibi ya raba takardun tambayoyi 100, ya tattara ra'ayin mutane a kan abin da kowa ya sani, a ɗaure kundi da baƙin bango a jefa a kabad. Ya dawo ofis da sababbin haruffa a bayan suna, layin kati kuwa yana nan yadda ya bar shi. In wannan ne za a wajabta, gara a bar mutane su huta ran Asabar.

Karatun da nake nufi ana gane shi da alama guda: kundin ɗalibi ya kasance a kan wata matsala ta asibitin da yake aiki, wadda za a auna kafin ya fara, a kuma auna bayan ya gama. Tsawon jiran majinyaci daga karɓar kati zuwa ganin likita. Yawan maganin da ke lalacewa a sito. Yawan tiyatar da ake ɗagawa da dalilansu. Yawan takardun inshora da ake dawo da su ba a biya ba. Mai duba kundin ya zama biyu, malamin jami'a da wani tsohon hannu da ya taɓa riƙe asibiti. Kuma a cakuɗa ajin. Likita da nas da akanta da mai gwajin jini su zauna benci ɗaya shekara biyu, a ba su aiki ɗaya su warware tare. Ina kyautata zaton wannan zama zai rage gabar da ke tsakaninsu fiye da yadda kwamiti zai yi, domin da wuya ka raina mutumin da ya fitar da kai daga lissafin da ya gagare ka.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Na farko suna cewa matsalar asibitocinmu kuɗi ne, ba tsari ba. Gaskiya ne shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cikin 2001 za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma kasafin tarayya bai taɓa kusantar haka ba, galibi yana yawo ne wajen kashi 5. Gaskiya ne kuma fiye da kashi 70 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita. Amma wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Mai wadata ne yake iya ɓarna ya kwana lafiya. Wanda hatsinsa mudu ɗaya ne shi ya fi bukatar sanin awo, balle ma hatsin na talaka ne da ya sayar da akuyarsa.

Na biyu suna cewa likitoci sun yi ƙaranci, Ministan Lafiya da kansa ya faɗa cikin 2024 cewa wajen likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, yaya za a ƙara janye waɗanda suka rage zuwa aji? Shi ya sa aka ce karatun ya zama na wanda ke bakin aiki, mako ɗaya ko biyu a jami'a duk bayan 'yan watanni, saura a gida. Bayan haka, in aka horar da nas-nas da akantoci da ma'aikatan mulki yadda ya kamata, likitan fiɗa zai sami wanda zai miƙa wa batun dizal da kwangilar shara da zuciya ɗaya, ya koma ɗakin tiyata inda ba mai maye gurbinsa.

Suka ta uku ita ce ta fi ci mini rai, domin ba ni da cikakkiyar amsarta a hannun jami'a. Me amfanin koya wa mutum tsara ma'aikata in ba shi da ikon ɗaukar ko da leburan shara, in ungozomar da ya dogara da ita za a iya ɗauke ta da takarda ɗaya daga hedkwata don mijinta ya san wani? Me amfanin koya masa kasafi in kuɗin gudanarwa ba ya zuwa sai bayan wata huɗu? Wannan gyara na hukuma ne. Ilimi ba tare da iko ba baƙin ciki kawai yake ƙara wa mai shi, ƙarshenta ya nemi aiki a ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje, inda da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan karatu suke komawa. Saboda haka in gwamnati za ta biya kuɗin karatun, kuma ya kamata ta biya, tun da malamin jami'a yana da asusun TETFund mai tura shi ƙaro ilimi amma ma'aikacin asibitin jiha ba shi da irin wannan ƙofa, to a ƙulla yarjejeniya mai fuska biyu. Shi ya yi alkawarin shekara 3 ko 4 a asibitin gwamnati, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ita kuma hukuma ta yi alkawarin ba za ta ɗauke shi daga wurin ba cikin wannan wa'adi, za ta kuma sakar masa ikon kashe wani kaso na kuɗin shigar asibitin, mai binciken kuɗi yana biye da shi.

Ban ga dalilin jiran Majalisar Tarayya ta gyara dokar 1985 kafin a fara ba, ko da yake ƙara mata sharaɗin karatu layi ɗaya ne. Hukumomin kula da asibitoci na jihohi suna da ikon sa nasu sharaɗi a takardar naɗi tun yanzu. Kuma ba daga asibitin koyarwa ya kamata a fara ba, inda aƙalla akwai Daraktan Mulki da akantoci masu shaida. A fara daga babban asibitin ƙaramar hukuma, inda sau da yawa za ka tarar da matashin likita wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai fiɗa, shi ne kuma mai sa hannu a cek, tare da sakataren asibiti da babbar nas waɗanda su ma ba wanda ya taɓa tura su kwas. Kowace jiha ta zaɓi irin waɗannan asibitoci guda goma, ta tura mutum uku-uku daga kowanne, likita da nas da sakatare, su shiga aji ɗaya a jami'ar da ta fi kusa. Kafin su tafi a rubuta yawan awoyin da majinyaci yake jira da yawan magungunan da babu a sito. Bayan shekara biyu a sake rubutawa, a kai wa Majalisar Dokokin jihar, a kuma buga a jarida.